Turmin Inna Zuwaira Ya Ƙi Zama

Sahabi mutum ne mai riƙe abin da aka koya masa gam, kuma wannan ce babbar matsalarsa. A wani ƙauye na ƙasar Tsafe aka haife shi, ya yi karatun tarihi a Gusau, ya koyar a firamare a Bungudu har gemunsa ya soma furfura. Daga nan wata ƙungiya mai kula da kayan gado ta ɗauke shi, ta tura shi horo. Ya dawo da ƙa'idoji biyu. Ta farko, kayan tarihi ba a taɓa su, balle a yi aiki da su. Ta biyu, aikin na jama'a ne, abin da suka ce shi ake yi. Bawan Allah bai taɓa zaton ƙa'idojin nan za su ci karo da juna ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, mutanen garin suka kwararo Gusau suka raɓe a kangaye bayan gari. Ƙungiyar ta ba Sahabi ɗaki guda, ta ce ya tattara abin da suka tsira da shi na kaka da kakanni, don ko ƙauyen bai farfaɗo ba a san an taɓa yin sa. Manyan ƙungiyar za su zo buɗe ɗakin bayan girbi. In sun ga abin kirki aikin ya ɗore, in ba su gani ba a rufe.

Mutane ba su yi rowa ba. Aka kawo akushi da tandu da mazari da galmar wani tsoho. Inna Zuwaira, ƙawar marigayiya uwarsa, ta sa aka gangaro da turminta na ƙirya, wanda ta gada wurin kakarta, wanda kuma ta ƙi barin ƙauye sai da aka ɗora shi a amalanke. Sahabi ya goge shi, ya ba shi tsakiyar ɗaki, ya kewaye shi da igiya.

Washegari da hantsi sai ga ta, ta tsallake igiyar, ta ce surfe za ta yi. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe, ta sa masa albarka, sannan ta kira surukarta suka mirgina turmin suka tafi.

Shi ke nan ƙofa ta buɗe. Akushi ya tafi suna. Galma ta tafi ƙodago Ruwan Bore. In ya buɗe baki zai hana, ƙa'ida ta biyu ta riƙe masa harshe. In ya bari, ta farko ta hana shi cin tuwo. Ya kira taron kwamitin dattawan garin, suka amince baki ɗaya kada kowa ya ƙara ɗaukar komai, da za a watse shugaban ya saɓi tandu, wai matarsa ta soya man shanu. Ya buga wa shugabarsa, Hajiya Safiya, waya, ta ce ya tsare kayan sosai, kuma ya kula kada ya ɓata wa jama'a rai. Ya ajiye wayar, gaba kura baya sayaki.

Da dabara ta zo masa, sai ya je kasuwa ya sayo wa Inna sabon turmi. Ta yi murna ƙwarai. Da yamma ta aiko masa da sabon, ta ce a ajiye a ɗakin tarihi, ya fi kyan gani, baƙi za su fi son sa. Ranar nan Sahabi ya rasa ko dariya zai yi ko kuka.

Kaka ta yi, ɗaki kusan wayam, shi kuwa ya fitar da rai. Sai wata safiya ya tarar da tsohon turmin a bakin ƙofa, Inna na zaune a kai. Ya gaishe ta, ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce ɗanta ya kwashi iyalinsa sun yi kudu neman abinci, ita kuma 'yarta ta Nahuce za ta zo ta ɗauke ta.

"Ka aje shi, Sahabi," in ji ta. "Ba ni da wanda ni ka yi ma daka."

Bayan turmin, akushi ya dawo, galma ta dawo, tandu ma. Kowane kaya ya shigo, wani gida ne ya tashi. Ɗaki ya cika, babu mai zuwa aro.

Manya suka zo, suka yaba, suka ce aikin zai ɗore. Hajiya Safiya ta tambaye shi a gabansu yadda ya shawo kan jama'a suka daina ɗauka. Ya yi tsuru-tsuru, ya ce ikon Allah ne.

Da la'asar ya hau mashin ya nufi kangayen don ya yi wa mutanen garinsu albishir. Ya yi sallama a na farko, shiru. A na biyu wasu baƙi ne daga wani ƙauyen, ba su san shi ba. Ya tsaya a tsakar hanya, zuciyarsa ta karye, albishir na bakinsa bai san wa zai faɗa wa ba.