Waƙafi Mai Ruwa a Agege

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, ni da abokin aikina malamin lissafi. An ba makarantarmu kyautar kwamfuta huɗu, shugaba ya ce mu je Ikko mu koyo yaren da ake ba ta umarni da shi, wai Java, mu dawo mu koyar. Ni malamin Hausa ne. An zaɓe ni ne kawai don ina da kawu a Agege, ba sai an kama mana masauki ba.

Hanya duk ramuka da shingaye. A Jebba muka ci soyayyen kifi, ƙaya ta fi tsoka yawa. Washegari a Ikko ɗan acaɓa ya ratsa da mu tsakanin motocin haya da ake kira danfo har rumfar goron kawu, ina ta salati.

Ajin yana saman wani bene. Malamarmu Bahaushiya ce haifaffiyar Agege, Hausarta rabi Yarbanci. Ta ce dokokin farko uku ne: duk umarni ya ƙare da waƙafi mai ruwa, duk bakan da ka buɗe ka rufe shi, sannan babban baƙi daban, ƙarami daban. Na yi murmushi. Shekara goma sha biyu ina koyar da ƙa'idojin rubutu!

Aikin farko shi ne kwamfuta ta rubuta "Sannu". Ta abokina ta gaishe shi nan take. Tawa ta zubo jan gargaɗi layi bakwai. Na goge, na sake, na ma sauya kujera. Awa guda ina gumi, ina tunanin abin da zan gaya wa shugaba.

Malama ta leƙo. "Oga, me kake koyarwa ma?"

Na ce, "Hausa."

"To ina waƙafinka?"

Ashe aya na ɗiga a wurin, bisa sabo. Ina gyarawa aka ɗauke wuta. Sai washegari na'urar ta gaishe ni, na kuwa amsa da ƙarfi, aji ya kwashe da dariya.

Da na ba kawu labari, cewa ya yi ko dillalin goro bai kai ta taurin kai ba.

Bayan mako biyu muka dawo gida. Abin da na koyo: kwamfuta ba ta duba furfura, ba ta kuma cewa "na gane nufinka". Namu huɗun suna cikin kwali har yau, ana jiran babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle. A allo nake koyar da Java da alli, kuma allo bai taɓa kunyata ni ba.