Ranar da Amfulifayar Lonzo ta Ƙone

Lonzo Tibbs ya shekara arba'in yana kaɗa jita a Memphis, kuma bai taɓa canza amfulifaya, na'urar da ke ƙara wa jitar sauti, ba. Tsohuwa ce mai ƙwan gilashi huɗu a cikinta, kanta daban, akwatin lasifikarta daban. Idan ya kunna ta, sai ya jira ƙwayayen sun yi ja kamar garwashi kafin ya taɓa tsirkiya.

Mutum ne mai saurin hannu. Yana da shekara ashirin da uku ya fasa wa wani mai ganga baki da sandar makirufo, don ya ɗora kwalbar giya a kan amfulifayar nan. Wata huɗu ya yi a gidan yari. Matarsa ta fari ta tafi ne ranar da ya jefi bango da kaskon suya, man ya fallatsar mata a hannu. Duk da haka masu situdiyo sun yi ta kiransa, saboda babu wanda jitarsa ke kuka irin tasa.

Sannu a hankali kiran ya ɗauke. Kowa ya koma wa wani ɗan akwatin kwamfuta mai kwaikwayon muryar kowace amfulifaya, ba zafi, ba nauyi. Situdiyo ɗaya ce ta rage masa, ta ƙaninsa Cleon. Aiki ɗaya kuma ya samu a duk shekarar: faifan wata mawaƙiyar coci, Odessa Greer, wadda ta ce jitar Lonzo take so. In ya shiga faifan nan, za a san yana nan da ransa.

Ranar Asabar da hantsi ya iso yana haki da kan amfulifayar a kafaɗa.

"Yaya, da ka bar gawar nan a mota," in ji Cleon. "Akwatina yana da muryarta, har da tarin da take yi."

"Gawar nan ce ta ciyar da kai har ka yi gemu, mai kan ƙwarya."

"To mu ɗauka da duka biyun, Odessa ta zaɓa ido rufe."

"Ni dai ku yi ku gama," in ji Odessa daga kujera. "'Yan amshina goma sha biyu suna tafe da rana, kuma ba su da wata Asabar."

Lonzo ya jona kayansa, ya kunna, ya fita gyara tsayuwar motarsa. Cleon ya ga akwatin lasifikar ya yi kusa da makirufon Odessa, sai ya zare wayar da ta haɗa shi da amfulifayar, ya tura shi ƙaramin ɗaki. Kafin ya nemo doguwar waya, ya ɗauki jitar ya murɗa ƙara, ya yi ta kaɗawa yana duba allon kwamfutarsa. Shekara goma yana aiki da akwatin da bai damu da lasifika ba, har hannunsa ya manta. Ita kuwa mai ƙwan gilashi, in aka kaɗa ta babu lasifika, wutar ba ta da mafita, sai ta koma ta cinye taransifomar da ke ciki.

Ƙaurin ne ya tarbi Lonzo a bakin ƙofa. Ya ga hayaƙi siriri yana fita ta bayan amfulifayar, ya ga wayar a ƙasa, ya ga jitarsa a wuyan ƙaninsa.

"Yaya, tsaya ka ji..."

Naushin farko ya sami Cleon a baki, ya faɗa kan ganguna, faifan ƙarfen da ake kaɗawa tare da su ya kife yana ƙara. Lonzo ya finciko shi ta maɗaurin jitar, ya buga kansa da bango, ya sake bugawa. Jini ya wanke wa Cleon riga. Odessa ta miƙe tana kiran sunan Lonzo, ya ture ta da gwiwar hannu ba tare da ya waiwaya ba. Cleon ya sa masa gwiwa a mara, suka zube tare a kan wayoyi, kowa yana neman wuyan ɗan'uwansa. Lonzo ne ya hau sama. Ya shaƙe shi da dama, ya ɗaga hagu ya kawo naushi da duk ƙarfinsa. Cleon ya kauce da kai, hannun ya sauka a kan ƙafar ƙarfe ta sandar makirufo.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya busasshen kara. Lonzo ya saki wuyan ya zauna a ƙasa yana kallon hannunsa na hagu, wanda yake danna tsirkiya da shi. Yatsu biyu sun karkace waje, ƙashin ɗaya ya huda fata.

Cleon ya tofar da haƙori, ya ce, "Ka huta yanzu?"

Lonzo ya yi ƙoƙarin lanƙwasa yatsun, suka ƙi.

Odessa ce ta naɗe hannun da gyalenta, ta kai shi asibiti a motarta. Ta bar shi a hannun likita ta koma, don 'yan amshinta sun riga sun hallara. Cleon ya cusa auduga a baki, ya ɗauki wata jita, ya kaɗa rabon yayansa ta cikin akwatin kwamfuta.

Faifan ya fito da sunan Cleon a wurin jita. Yatsun Lonzo sun warke a miƙe, ba sa lanƙwasuwa. Yanzu injinan yankan ciyawa yake gyarawa a bayan gidansa, yana riƙe sifana da yatsu uku. Cleon ya je gidan sau biyu bai buɗe masa ƙofa ba, kuma tun daga ranar babu situdiyon da ta sake kiransa.