Waƙar da Malam Ya Riƙe wa Kakana Ajiya

Shekaranjiya ina dawowa daga cefane a Sabon Gari, sai mai acaɓan da ya ɗauko ni ya amsa waya, na ji yana cewa, "Matata ya haihu, gobe zan je in gan shi." Na yi masa barka, ya yi godiya. Amma har na shiga gida na ajiye kayan miya, wannan "ya" ɗin bai bar kunnena ba. Haka kakana yake magana.

In kin taso a Keffi, kin san irin Hausar da nake nufi. Kakana Bagwandare ne, kuma a bakinsa babu mace babu namiji, kowa "shi" ne. Ni ma "kai" yake ce mini. In na dawo daga makaranta, sai ya ɗaga kai daga tabarmarsa ya ce, "Amaryata ya dawo, ko gaisuwa bai iya ba." Ni kuwa in murguɗa baki in ce ba na auren tsoho mai haƙori uku.

Gidanmu yana unguwar Liman Abaji, da bishiyar mangwaro a ƙofarsa. A gindinta dattawa suke zama bayan la'asar: kakana, da ladanin masallacinmu, da wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, wanda ba ya barin kuskure ya wuce ko a cikin gaisuwa. Dukansu suna taɓa waƙa. Ba a rediyo ba, ba a littafi ba, a tsakaninsu kawai. Wani ya rera baitinsa, sauran su yi masa caa, wannan ya ce kari ya karye, wancan ya ce ma'ana ta yi nisa. Aikina shi ne kai musu ruwa.

Ina ajin farko na sakandare Iya, matar kakana, ta rasu. Tsakiyar damina ce, masara ta yi goyo, tsakar gida duk gansakuka. Ba a yi sadakar arba'in ɗinta ba sai ga rasuwar babban malamin unguwarmu, wanda kakana ya daɗe yana ɗaukar karatu a zaurensa. Unguwa ta cika da zancen Malam. Zancen Iya kuwa ya tsaya a cikin gida, wajen mata. Kakana bai yi kuka ba, bai ambace ta ba. A wancan zamani dattijo ba ya cewa yana kewar matarsa, sai a ce ya zubar da girma.

Abin da na lura da shi kawai, ya daina shan ruwan randa. Iya ce take wanke randar nan, ta kifa ta a kan hayaƙin wani itace mai ƙamshi kafin ta cika ta. Bayan rasuwarta gwaggona ta yi iya ƙoƙarinta, amma in an miƙa masa moɗa sai ya ce ya ƙoshi, ya je famfo ya tara hannu. Kuma ɗakina yana jikin nasa. Da asuba nakan ji ya yi gyaran murya sau biyu, yadda ya saba yi in yana so Iya ta kawo masa buta. Can sai in ji ya tashi ya ɗauka da kansa.

Wata ranar la'asar, ana yayyafi kaɗan-kaɗan, na fito da ruwa na tarar yana rera wa abokansa wannan:

Ya tafi da damina, bai jira girbi ba,
Ya bar mini inuwa, ban iya zama ba,
Ruwan da yake ba ni, ban ƙara sha ba,
Na yi kira, bai zo ba.

Ladan ya share ido da bakin rawaninsa. Ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Ka ga ruwan nan, ilimi ke nan. Inuwa kuwa albarkar zaurensa." Hedimasta ya gyaɗa kai, ya ce fassara ta yi, sai dai layi na huɗu ɗingishi yake yi, ƙafarsa ba ta kai ta 'yan'uwansa ba, a ƙara masa kalma biyu ko uku. Kakana ya ce, "To, zan duba." Yana kallon ƙasa. Na ga fuskarsa kamar ta wanda ya yi sallama a ƙofar gida aka amsa masa daga gidan maƙwabta.

Washegari na same shi shi kaɗai yana ɓare gyaɗa a zaure. A makon ne aka koya mana jinsi a darasin Hausa, kaina cike da "ya" da "ta". Na zauna kusa da shi na ce, "Kaka, waƙarka akwai gyara. Ba 'ya tafi' ba ne. 'Ta tafi' ne."

Hannunsa ya tsaya a cikin ƙwarya. Ya ɗago ya dube ni, har na fara tsoron na yi rashin kunya.

"Wa ya gaya maka?"

"Randa," na ce.

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito sosai ba. Ya ce da farko bakinsa ne ya yi masa abin da ya saba. Amma da ya ga sun ɗauki waƙar sun ba Malam, sai ya ce a ransa, shi ke nan, Malam mutumin amana ne, bari ya riƙe masa ajiya. "In ka gyara shi, amarya, ba zan iya faɗinsa a gindin mangwaro ba. Ni kuma ina so in riƙa faɗinsa."

Sai ya tambaye ni, a hankali, kamar ni ce babba, ko waƙar ta yi daɗi. Na ce ta yi, amma hedimasta ya yi gaskiya, layin ƙarshe gajere ne. Ya ce, "Nan ne numfashina yake ƙarewa." Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa, ya turo mini rabi.

Bai gyara ba. Shekaru ya yi yana rera ta, ladan yana yi wa Malam addu'a, hedimasta yana ƙorafin ɗingishi. In ya kai layin ruwa, sai ya ɗan dubo inda nake tsaye da moɗa. Daga nan har ya koma ga Allah, ban gaya wa kowa ba. Shi ma da damina ya tafi. Daminar Keffi doguwa ce, ba wuya ta ɗauki mutum biyu daga gida ɗaya.

Yanzu an sare mangwaron, an yi shagon cajin waya a wurin. Maigidana yana aiki a Abuja, sai ƙarshen mako nake ganinsa, yara kuma suna makarantar kwana. In na idar da sallar la'asar, gida ya yi tsit, nakan taɓa 'yar waƙa in tura a wani zauren marubuta da nake ciki a waya. Ana yi mini gyara, ina kuma jin daɗinsa. Wasu su ce ma sha Allah su wuce, wasu su ƙirga mini gaɓoɓi. Mutanen kirki ne, amma babu wanda ya san randar gidanmu a cikinsu.

Jiya, saboda mai acaɓan nan, na tura musu baitin kakana, ban ce na wane ne ba. Wata baiwar Allah ta tambaye ni, "Mahaifinki ne ya rasu, ko maigida?" Wani kuma ya ce layin ƙarshe yana bukatar ƙari.

Na ajiye wayar, na sake rera shi ni kaɗai a tsakar gida, da "ya" ɗinsa yadda ya bar mini. Tun ina yarinya nake ganin akwai kuskure a waƙar nan. Jiya na neme shi daga farko har ƙarshe, ban same shi ba. A layi na huɗu ni ma na tsaya.