Shagon da Na Mayar Zaure

Abin da ke gabana a lokacin uku ne: kwana tara, shago ɗaya, da mahaifina. Kwana taran su ne suka rage kafin Juma'ar da Baba ya ce zai koma ƙauye, inda babu mai ɗebo masa ko ruwan alwala.

Siminti da kwanon rufi nake sayarwa a Babbar Kasuwa. Bayan an sauya fam da naira gine-gine suka yawaita a Kaduna, ni ma na samu, na gina bene a Unguwar Sarki. Ɗakin da ya fi kowanne kyau, na sama, shi na ware wa Baba, har da fanka. Zaure kuwa ban yi ba. A gurbinsa na fitar da shago mai fuskantar titi don ajiyar kaya.

Wata biyu da zuwansa ya daina saukowa, ya rage cin abinci. Ran nan na tarar ya ɗaure kayansa a buhu.

"Baba, me aka yi maka?"

"Ba a yi mini komai ba. Ka rataye ni a sama kamar masarar iri. Juma'a ta sama ka kai ni tasha."

Cikin masu sayen siminti a wurina akwai wani malamin jami'a daga Zariya, wanda aikinsa binciken yadda ya kamata a gina wa tsofaffi muhalli. Da can dariya nake masa a raina, wai mutum ya ƙare karatunsa a kan inda tsoho zai zauna. Da ya zo a makon nan, na ba shi labarin Baba da tafiyar Juma'a, na bar ciniki na kai shi gida.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya roƙe shi ya nuna masa hanyar masallaci, ya bi shi yana ƙirgawa. Matakala goma sha bakwai. Baba ya huta sau uku, hannunsa na lalube a bangon da babu abin kamawa. A ta ƙarshe ƙafarsa ta zame, sai da malamin ya tare shi. 

Malamin ya juyo gare ni. "Alhaji, yau mutum nawa suka gaida shi?"

Na ce ni da iyalina.

"A ƙauye fa?"

Baba ne ya amsa: "Duk mai tafiya gona."

"To ka ji. Ka ba shi shagon nan."

"Malam, ka san darajar shago a bakin titin nan? Mota har ƙofarsa take sauke kaya."

"Na sani. Motar kai shi tasha ran Juma'a ma a nan za ta tsaya."

Kwana biyu ina juya maganar, buhun Baba na nan a ɗaure. A na uku na kwashe siminti na kai wani sito a unguwar Mando, na kira magini. Malamin ya zana masa komai a bayan takardar siminti: a fasa dokin ƙofa, a kankare daɓe ya yi kaushi, a yi dakali daidai gwiwa, a kafa bututun ƙarfe a jikin bango daga shimfiɗa har famfo da bayi. Maginin yana aiki yana gunaguni, wai bai taɓa ganin wanda ya biya a lalata masa daɓe ba. Baba bai sauko ya duba ba ko sau ɗaya.

Safiyar Juma'a ya sauko da rigar tafiya, ina riƙe da buhunsa. Ya zauna a dakalin kafin in fito da mota. Malamin makarantar allon da ke maƙwabtaka da mu ya zo wucewa, ya yi sallama, ya zauna. Sai tela, sai wani tsohon maƙeri. Ina tsaye da makulli a hannu har rana ta ɗaga. Sannan na ce, "Baba, mu tafi?"

"Ba ka ga ina da baƙi ba?"

Buhun bai kwance shi ba sai bayan damina.

Shago na rasa shi, kullum sai an ɗauko mini kaya daga Mando, ɗakin sama kuma ya zauna babu kowa. Baba ya yi shekara shida a zauren nan, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Bututun har ya yi ƙyalli a inda hannunsa ke bi. A duk cinikin da na yi a Kaduna, wannan ne kaɗai ban taɓa cewa da na sani ba.