Addu'ar Inna Hosiyat a Kan Tudun Amurka

Ka taɓa ganin tsohuwa mai jikoki goma sha ɗaya tana cacar baki a kan kujerar gaba ta jirgin wasa? In ba ka taɓa ba, ka shigo garinmu ranar Lahadi, ka nufi lambun shaƙatawa da ke bayan masaƙar siliki, ka tambayi Inna Hosiyat.

Abin da take hawa Tudun Amurka muke ce masa, ko da yake daga Cekoslobakiya aka kawo shi a manyan motoci tara, a shekarar 1979. Tsayinsa mita goma sha huɗu. Taragu shida, kowanne kujera biyu. Sarƙa ce ke jan su sama a kan dogo, ƙas, ƙas, ƙas, har sau arba'in da ɗaya, sannan ta sake su. Gangara uku, lanƙwasa biyu, daƙiƙa tamanin da uku an gama. Na auna da agogona sau biyar, bai taɓa ƙara ko ɗaya ba.

Hosiyat tana da shekara goma sha takwas lokacin da aka kafa shi, sabuwar shiga masaƙa. Ranar buɗewa ƙawayenta bakwai suka bi layi tare da ita, shida suka zame kafin a kai ga ƙofa. Ita ta hau, ta sauko, ta koma ƙarshen layi. Tun daga nan kowace Lahadi sai ta hau sau ɗaya, daga Afrilu zuwa Oktoba, in ta dawo gida ta jefa maɓallin riga guda a kwalba. Haihuwa biyar ta tsayar da ita na ɗan lokaci. Shekara huɗu lambun ya yi a rufe bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, ciyawa ta cinye dogon, ita da wasu mata uku suka riƙa zuwa da lauje har hukuma ta ji kunya ta buɗe. Maɓallan sun kai dubu ɗaya da ɗari da tamanin da shida lokacin da ta cika sittin da uku.

Kowa ya san abin da sittin da uku take nufi a wajenmu. Shekarun Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma wanda ya kai su yakan yi walimar godiya. Babban ɗanta Shuhrat, direban babbar mota, bai yi ƙwauro ba: shinkafa kilo arba'in, raguna biyu, burodin tanderu ɗari da hamsin. Aka sa mata farar riga da farin mayafi, aka zaunar da ita can ƙuryar ɗaki nesa da ƙofa, wurin zaman manya. Mata ɗari da ashirin suka zo gaisuwa, kowace ta buɗe tafin hannu tana neman addu'a.

Da baƙi suka watse, Shuhrat ya zuba mata koren shayi, ya miƙa da hannun dama, hagu a ƙirji.

"Umma, yanzu kam sai a huta da wancan wasan."

"Wane wasa?"

"Kin sani. Farin mayafi da ihu a sama ba sa tafiya tare. A tasha har tsokanata ake yi, wai uwata matuƙiyar jirgi ce."

"To ka ce musu gaskiya ne. Likita ya auna ni makon jiya, ya ce zuciyata ta fi taka."

"Ba maganar zuciya ba ce, Umma, maganar mutunci ce."

Ta kurɓi shayinta.

Ranar Lahadi ƙarfe goma ta isa lambun. Tolib, mai kula da jirgin, ya shekara ashirin da biyu yana ɗaure mata bel. Yau sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalminsa.

"Barka da zuwa, Inna. Wato, yau birkin yana ɗan..."

"Birkin da ya tsayar da mutum goma sha biyu yanzu a gabana?"

"Inna, ki rufa mini asiri. Shuhrat ya zo. Har gida ya same ni, ya ci burodina, ya roƙe ni, na amsa. Ya zan yi da alkawari?"

"Tolib, ni na yi wa uwarka rakiya ranar da aka haife ka. Kanka kamar kankana, sai da muka sha wahala."

"Na sani, Inna."

"To riƙe alkawarinka. Ba kai ka ɗaura ba, ba kai za ka kwance ba."

Ta zauna a benci ta kalli jirgin ya tashi sau tara ba ita. Ciwon da ta ji ba na rana ɗaya ba ne. Ta san in ta bari Lahadi uku suka wuce a haka, an gama, za a ce Inna ta girma ta daina, kuma za ta ƙare kwanakinta a ƙuryar ɗaki tana rarraba addu'a kamar alawa.

Ana nan sai Shuhrat ya karɓi sabuwar mota, tafiyar farko zuwa Almati, ranar Litinin. A nan ba wanda ke kama doguwar hanya sai uwa ta ɗaga hannu ta sallame shi, balle da sabuwar mota. Ranar Asabar ya zo ya durƙusa, ya buɗe tafukansa.

"Umma, a sa mana albarka."

"Za a sa. Ban taɓa hana ka ba, ba kuma zan fara yau ba. Amma ku kuka ce na zama babba, ko?"

"Haka ne."

"Babba kuwa shi ke zaɓar wurin zamansa. Gobe ƙarfe goma, kujerar gaba ta Tudun Amurka. A can zan yi maka."

"Umma, ni fa ko tsani ba na hawa!"

"Kana bi ta kan duwatsu da tan ashirin a bayanka."

"Can da sitiyari a hannuna!"

"To gobe ka ga yadda fasinja ke ji."

Ya aiko matarsa, ya aiko ƙanensa, har ya tuntuɓi limamin unguwa. Liman ya ce shi bai san inda aka hana addu'a a sama ba, ya kuma tambayi ƙarfe nawa za a yi.

Na ƙirga mutum hamsin da bakwai a jikin shinge ranar, direbobin tasha goma sha uku a ciki. Tolib ya dubi Shuhrat, Shuhrat ya gyaɗa kai, aka buɗe ƙofa. Inna Hosiyat ta ɗaure farin mayafinta tam a ƙarƙashin haɓa, ƙulli biyu. Ɗanta ya cusa kansa gefenta ya damƙe ƙarfen gabansa.

Sarƙa ta kama. Ta buɗe tafukanta ta fara: Allah ya buɗe hanya, ya tsare taya, ya kau da barci daga ido. A ƙas na ashirin ta waiwaya.

"Ina hannunka?"

"Yana riƙe da raina, Umma."

"Ba a karɓar addu'a da dunƙulallen hannu. Buɗe."

Ya saki yatsa biyu, ya mayar. Rufin masaƙa ya koma ƙarƙashinsu. A na talatin da takwas ya saki ƙarfen gaba ɗaya, ya buɗe hannu, ta ce Allah ya dawo da kai lafiya, suka shafa. Amin ɗinsa a gangarar farko ta fito, kuma mai sayar da askirim a ƙofar lambun ya rantse ya ji ta.

Da jirgin ya tsaya, hular Shuhrat ba ta tare da shi. Direbobi suna tafi suna ce masa mataimakin matuƙi. Ya zauna a ƙasa minti huɗu, ya sha ruwa kofi biyu, sannan ya kira Tolib.

"Maganar nan da muka yi, na janye. In ta zo ka bar ta."

"A gaba?"

"Duk inda ta ce. Ni dai kada a sake kirana."

Inna Hosiyat ba ta ji wannan ba, don ko sauka ba ta yi ba. Ta ce na farkon aikin addu'a ne, ba ya cikin lissafi, a sake tayarwa.

Kai ma in akwai irin wannan jirgi kusa da kai, ka je wannan makon. Kafin ka fita, ka tambayi mahaifiyarka ko tana son zuwa, ka kuma jira har ta ba ka amsa da bakinta.