Amaryar Dela da Kwanon Sha

Duk wanda ya san Roni ya san Dela mai lalle. Gajeruwa ce, mai murya kamar ta mutum uku, tafin hannunta kuwa tun muna yara ban taɓa ganin sa ba ja ba. Bishiyar lalle bakwai ce a tsakar gidanta. Ta tsinka, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ranar kasuwar Gwiwa ta ɗare bayan babur da buhunta. Ni Shatu taubashiyarta ce, babanta da innata ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da na faɗa a kanta ba ta da inda za ta kai ƙarata.

Mijinta, Muhammadu Lawal tela, ya rasu shekara uku da suka wuce. 'Yarta Nafisa na aure a Babura, ɗanta namiji kuma yana Kano wurin aiki. Gida ya yi wa Dela girma. Watanni aka yi ba a jin muryarta ta katanga, ni kaina sai da na tsorata.

Da damina ta faɗi, wata safiya tana tsinkar lalle ta kai hannu, sai ganye ya motsa ya juyo da ido ɗaya ya kalle ta. Hawainiya! Wata macen da ihu za ta kwarma a zo da sanda. Dela kuwa sai ta ce, "Sannu da zuwa."

Da na je na gani, tsalle na yi na koma bakin zaure.

"Ke Dela, kanki ɗaya? An ce in ta tofa wa mutum yawu sai kuturta!"

"Ke da kika shekara hamsin kina tofa wa mutane magana, wa ya kuturce?"

Ta sa mata suna Amarya, wai saboda tafiyarta: ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, sai an gaji da jira sannan ta sauke. Ga sauya kaya sau uku kafin azahar. Tun daga ranar Dela ta samu abin yi. Ɓawon mangwaro ko na gwanda take ratayawa a reshe, ƙuda su taru, Amarya ta zaro harshen nan nata mai tsawon tsiya ta ɗauke su ɗai-ɗai. Ranar da aka yi ruwan dare shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, Dela ce gaba da ƙwarya tana kamo mata. Ta hana a fesa maganin sauro kusa da lallen. Kyanwar maƙwabta kuwa ta sha jifa da takalmi har ta sauya hanya.

Ɗaukarta ma da ƙa'ida. Ba a cafko ta ta baya; in ka yi haka sai ta kumbura, ta yi baƙi ƙirin, ta wangame baki tana huci. Shimfiɗa tafin hannu ake yi a gabanta a jira, in ta ga dama ta hau. Dela, wadda ba ta iya jiran ruwan shayi ya tafasa, sai ta yi rabin awa da hannu a miƙe. A gindin bishiyar kuma ta ajiye wani kwanon sha mai murfi, fari mai zanen fure. Kullum da safe sai ta wanke shi ta cika da ruwan randa. Ta ce baƙo ba ya kwana gidanta ba ruwa a gabansa.

Bazarar bara, a tsakiyar zafin nan da ke sa kaji buɗe baki, Nafisa ta haifi tagwaye. Dole uwa ta je ta zauna mata wankan jego. Dela ta zo ta danƙa mini makullin gida.

"Shatu, amana na ba ki. Ki sauya mata ruwan kwano kullum, ki rataya ɓawo, ki zuba wa lallen bokiti a gindi. In na dawo na tarar da wani labari, ni da ke sai a lahira."

Na yi dariya, amma na ga idonta. Ba wasan taubasai ba ne wannan.

Wallahi na yi ƙoƙarina. Kullum ina can kafin rana ta ɗaga. In wanke kwano, in cika, in rataya ɓawo, in kwarara bokiti a gindin bishiya, in kulle in tafi. Shara ce kaɗai ba na yi. Gidan da ba kowa, wa zan share wa?

Kwana biyar, Amarya ta daina kallon ƙuda. Kwana takwas, idanun nan nata masu juyawa suka faɗa ciki, fatarta ta yamutse, koren ya koma kalar busasshen ganye. Ta sauko reshen ƙasa ta lafe. Ga ruwa cike da kwano, taku biyu tsakaninsu, ko kallo bai ishe ta ba.

Na ce ko ruwan ne bai mata ba, na kawo na famfo. Na kawo na leda mai sanyi, wanda ni kaina ban cika saya ba. Na sauya kwano da faranti. Har sukari na jefa, Allah Ya yafe mini. Na ɗaga kwanon zuwa bakinta ina cewa, "Haba Amarya, ki rufa mini asiri!" Ta juyar da kai.

Dela kuwa kullum da hantsi sai ta bugo waya. Ba ta fara tambayar lafiyata.

"Ya Amarya?"

"Lafiya lau, tana gaishe ki."

In kashe waya. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Na san yadda Dela ta kasance kafin dabbar nan ta zo, ba kuma na son in sake ganin ta haka.

Rana ta goma na tarar da Amarya wutsiya kawai ke riƙe da ita a reshe. Na zauna a kan turmi na yi kukana. Da na gama na ce to, tunda gobe dole in faɗa wa Dela gaskiya, kuma na san a ranar za ta taho, kada ta tarar da mutuwa ta kuma tarar da ƙazanta. Na ɗauko tsintsiya da roba na fara yayyafi kafin shara, yadda kowace mace ke yi. Da na zo wajen lallen, haushi ya sa na watsa sauran ruwan sama, ya sauka kan ganye yana ɗiga.

Sai na ga bakin Amarya ya buɗe. A hankali ta miƙa wuya ta lashi ɗigon da ke rataye a ganye. Ta lashi na biyu. Oh ni Shatu! Na ruga na ciko robar, na dinga tsoma tsintsiya ina kaɗawa a kan bishiyar kamar mahaukaciya, har ɗankwalina ya faɗi. Ta yi ta sha, maƙogwaronta na motsi. Safe da yamma na riƙa zuwa. Cikin kwana huɗu ido ya ciko, kore ya dawo, har ta yi mini huci. Ban taɓa jin daɗin rashin kunya irin na ranar ba.

Da Dela ta dawo bayan arba'in, sai da na bari ta ga Amaryarta garau sannan na zayyane mata komai.

"Ke da kike shara sau biyu a rana, kina kaɗe tsintsiya a kan lalle, ke ce kike shayar da ita ba ki sani ba. Raɓa da ɗigon ganye take sha. Ruwan kwanon nan rana ce ke shanye shi da kajin maƙwabta. Shekara biyu kina yi wa kaji hidima!"

Na jira ta rama, don Dela ba ta barin magana ta kwana. Sai ta sunkuya ta ɗauki kwanon, ta goge gefensa da bakin zanenta.

Washegari da safe na leƙa, sai na tarar tana cika shi da ruwan randa, ta mayar gindin lallen.

"Ke Dela, ba na gaya miki ba ta sha a ciki ba?"

"Na ji ki sarai," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Kwanon Malam ne, Shatu. Shekara talatin da ɗaya ina cika masa shi kowace safiya. Da ya tafi, hannuna bai san ya daina ba, ina kuma jin kunyar a gan ni ina ajiye wa wanda ba ya nan ruwa. Da Amarya ta zo, sai na samu wanda zan ce don shi nake yi."

Ta ɗora murfin a karkace, yadda take yi masa, ta ɗauki tsintsiyarta.