Garin Kakata a Cikin Waya

A unguwar Ruwais, a ƙasar Makka, aka haife ni, mahaifiyata ma haka. A gidanmu kakata ce kaɗai ta san wata ƙasa ban da wannan. Tana budurwa ta taso tare da iyayenta daga wani ɗan gari a bakin hamada, can gabashin Nijar, suka nufo hajji ta ƙasa, suka yi shekaru a hanya. Da suka sauke farali ba su koma ba.

Amma bakinta bai taɓa barin garin ba. Tun ina yaro nake jin labarinsa, har na san lungunansa kamar na unguwarmu. Faransawa ne suka kafa bariki a kan wani tudu kusa da rijiya, mutane suka taru a gindinsa, gari ya kafu. Da safe a busa bigila a ɗaga tuta. Kwamanda Bature ɗaya ne tak, rana ta ƙona shi ya yi ja wur, kullum yana fama da zazzaɓi, amma in ya fito kan doki sai kowa ya miƙe. Alkali yana shari'a a gindin gawo. Mai shela yana zagayawa da ganga in lokacin haraji ya yi, ko in an ce kowa ya share ƙofar gidansa don babban baƙo zai zo. Akwai kantin wani Balarabe mai sayar da sukari da shayi da akoko, wanda ba ya yarda mace ta taɓa yadi sai ta wanke hannu.

Mahaifinta mai masauki ne. In ayarin gishiri da dabino ya iso, a gidansu fatake ke sauka, shi ke nemo musu masu saye, shi ke raba gardama. Ita kuma aikinta kai fura kasuwa.

"Kai, mijina," haka take ce mini don wasan jika da kaka, "wannan kasuwar Bab Makka taku da kuke taƙama da ita, ai ranar kasuwarmu raƙumi ma sai ya nemi hanya."

Ina da shagon yadi a Bab Makka ɗin. Cikin masu saye a wurina akwai wani Alhaji ɗan Nijar da muka daɗe tare, ya gayyace ni bikin ɗansa. Ban taɓa taka ƙasar da fasfona ya ce tawa ce ba, don haka na amsa, kafilina, ɗan ƙasar da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya yi mini takardar fita da dawowa. Da na gaya wa Kaka, sai ta tambaye ni:

"Za ka kai garinmu?"

"In da hali, Kaka."

"Ba in da hali ba. Ka je. Ka duba mini gidanmu, yana gabas da rijiya, ƙofarsa na kallon kasuwa."

Bayan biki Alhaji ya haɗa ni da wani direba. Muka bar kwalta, muka shiga rairayi, muka yi ta tafiya har na fara zaton mun ɓata. Can direban ya tsaya ya ce mun zo. Na fito ina waige-waige. Tudun yana nan, da guntun katangar bariki a kansa, awaki na kwance a inuwarta. Rijiyar ta cike da ƙasa. Inda aka ce kasuwa ce, fili ne fetal. Bukkoki kaɗan ne a gefe. Wani dattijo makiyayi ya ce tun da aka yi hanya ta kudu ayari ya daina biyowa, sai kasuwa ta tashi, alkali ya bi ta, daga baya ruwa ya ƙafe. Na ambaci sunan kakan mahaifiyata, ya girgiza kai, bai taɓa ji ba.

Na ciro waya na ɗauki bidiyon komai. Har ga Allah murna nake yi. Gani nake na cika alkawari, zan kai mata abin da babu wanda ya taɓa kai mata. Ina ɗauka ina magana da Hausata mai gauraye da Larabci: ga bariki, ga rijiya, nan ne gabas.

Ranar Juma'a bayan na dawo muka taru a ɗakinta. Mahaifiyata ta ja ni gefe a bakin ƙofa, don ita ta riga ta ga bidiyon.

"Ka ba ta labari da baki kawai," ta ce. "Ba sai ta gani ba."

"Umma, garinta ne fa. Tana da haƙƙi."

"To, halas, shi ke nan. Kai ka sani."

Na zauna kusa da Kaka na riƙe mata wayar. Ta sa tabarau, ta matso da fuska har numfashinta na taɓa gilashin. Iska ce kawai ke kuka a ciki, sai muryata. Ta kalla har ƙarshe.

"Mayar," ta ce.

Na mayar. Da aka zo wajen rijiya ta ɗora yatsa ta tsayar da hoton da kanta, ban ma san ta iya ba.

"Ina gawon?"

"Ban ga itace ba, Kaka."

"Mutanen fa? Ko ba ranar kasuwa ka je ba?"

Na kife wayar a cinyata. Ita ta taimake ni. Ta cire tabarau ta ninke, ta ce na kyauta, Allah ya yi mini albarka, na sha hanya. Sannan ta ce wa mahaifiyata a zubo abinci kada ya huce.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kwanta ciwo ba. Ta dai daina labarin. Ina zuwa kowace Juma'a, mu yi hirar ciwon gwiwarta, da sabunta iƙamar ƙanena, wato takardar zamansa, da wadda ta haihu a maƙwabta. Wasan ma bai tsaya ba, tana nan tana ce mini miji marar cefane. Sau da yawa na jawo zancen da kaina, in ce wai yaya ma aka yi da kwamandan nan da jakinku ya shiga masa ofis? Sai ta ce, "Tsufa, mijina. Na manta." Matar da har yau take tuna ranar da kowane jikanta ya fara tafiya.

Na sha gaya wa kaina cewa ita ta aike ni, kuma ban nuna mata ƙarya ba. Duka gaskiya ne, amma ba ya sanyaya mini rai. Garin yana cike da mutane a wurinta har ranar da na shigo da waya a hannu. Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Gab da azumin bana na tarar da mata a ɗakin, Kaka na zaune gaban wani tsohon akwatin ƙarfe da ban taɓa ganinsa a buɗe ba. Zannuwa ne a ciki, da turare, da carbi, da hulunan maza. Mahaifiyata ta raɗa mini cewa tsaraba ce. Tun kafin a haife ni take tarawa kaɗan-kaɗan, don ranar da za ta koma ta gaida dangi. Ranar ta rabar da ita kaf ga maƙwabta, tana zolayar kowa tana dariya.

Ta miƙo mini wani shuɗin zane ta ce in kai wa matata. Yadi ne mai kyau, irin wanda an daina kawowa. Matata ta ji daɗinsa, ta kai aka ɗinka mata, ta sa ranar Salla. Ta tsaya a falo ta tambaye ni ko ya yi mata kyau. Na ce ya yi, na ɗauki makullin mota na ce yalla, mu tafi, kada mu makara idi.